Ƙasa Ma Tana Son Sutura: Martani Ga Malam Kan Ajin Koyon Lambun Gida

Na karanta rubutun da Malam ya yi a wannan shafi game da azuzuwan koyon lambun gida da ake buɗe wa mata da matasa a garuruwanmu, na kuma sake karanta shi bayan sallar isha'i don kada in yi masa gurguwar fahimta. Malam gabana yake a shekaru da alƙalami, kuma ba yau na fara ƙaruwa da shi ba. Amma a wannan karon akwai gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In na fahimce shi daidai, maganarsa a kan duwatsu uku ya girka ta kamar tukunya. Na farko, a ganinsa koya wa Bahaushe shuka tumatir da alayyafo a bayan ɗaki abin dariya ne, tunda noma gadonmu ne, kuma ba da buhu goma na kayan miya ake kashe yunwar ƙasa ba. Na biyu, shukar rufe ƙasa da ake koyarwa a ajin, wato amfanin da ake shukawa don ya lulluɓe fili ya gyara shi, ya ce al'adar Turawa ce masu ruwan sama shekara ko'ina, mu a wajenmu manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ba ko tsinke. Na uku, ya ce cutar shuka ba ta buƙatar darasi: ga magani nan a kanti, a saya a fesa, a huta.

Zan fara da na ukun, domin a nan ne wutar ta taɓa ƙona ni.

Wani rani na dasa tumatir a fangali ɗaya da buhuna goma sha biyu a bayan gidana. Ya yi kyau, ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Sai kawai na ga gindin kowane ɗa ya yi baƙi ya lotsa, kamar an ɗiga masa garwashi. Na tsinki guda na kai wani kantin sayar da maganin gona. Yaron kantin ya ɗan juya shi a hannu, bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini kwalba. Na yi feshi sau uku cikin mako biyu, har yara suka daina wasa a wajen saboda wari. Baƙin bai fasa ba. Uwargidana ce, wadda nake tsokana saboda zuwanta ajin lambu na ranar Asabar a wata makarantar unguwa, ta saka tumatirin a leda ta tafi da shi. Mai koyar da su wani tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Bai ko dubi tumatirin sosai ba ya tambaye ta wa ke ban ruwa, kuma yaushe. Ta gaya masa gaskiya: maigida ne, in ya tuna. Kwana biyu shiru, rana ta uku ya malala jarka biyu don ya rama. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki gaya wa Alhaji wannan ba ƙwaro ba ne. Ƙishirwa da ƙoshi ne suke karɓa-karɓa a jikin shukar."

Bayanin ba shi da wuya. Ɗan tumatir yana buƙatar sinadarin kalsiyam yayin da yake girma, kuma ruwa ne ke ɗauko masa shi daga saiwa. In ruwan ya yanke, gindin ɗan, wanda ya fi nisa da reshe, shi ne zai fara rasawa, sai naman wurin ya mutu. Maganin da aka ba mu bai ci ko kobo ba: ruwa daidai gwargwado kowace safiya, sannan a lulluɓe gindin shukar da ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laimar kafin azahar. 'Ya'yan da suka biyo baya lafiya ƙalau suka nuna. Kwalbar tana nan har yau a kan katanga, rabinta, tana tuna mini kuɗina.

Abin da Malam bai lura da shi ba ke nan. Shuka ba ta da baki, kuma alamun ciwonta kama da juna suke yi. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa: yana iya zama yunwar taki, yana iya zama ruwa ne ya yi yawa saiwar ta kasa numfashi. Ganyen sama ya murɗe ya ƙanƙance, shukar ta daina tsawo: wannan cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa daga tushe zuwa tushe, kuma in ta shiga babu kwalbar da ke fitar da ita, sai dai a tuge wanda ya kamu don a tsira da sauran. Kuɓewa ta yi yaushi da tsakar rana alhali ƙasarta jiƙe take: tuge guda ka dubi saiwar, za ka tarar ta yi ƙulle-ƙulle kamar yatsun da suka kumbura, aikin wasu ƙananan tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda feshin ganye ba ya kaiwa gare su. Ganyen tumatir ya yi fararen tagogi, kamar an kankare korensa an bar fata: wannan ɓarnar ƙwaron sharon ce. Ciwo huɗu, kowanne da nasa dalili, kuma mai kanti kwalba ɗaya zai ba ka a kan dukkansu. Ko asibiti, ai ba a fara allura sai an yi awo.

Da feshi kaɗai yana isa, da 2016 ba ta yi mana abin da ta yi ba. A shekarar ce sharon ya faɗa wa tumatirin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Ƙwaron asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, ya bi ƙasa-ƙasa har ya iso mu. Gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki saboda babu abin da za ta niƙa, matan aure kuwa suka koma miyar kuka da busasshen kauɗa. Manoman nan ba su yi ƙwauron feshi ba, sun yi har sun gaji. Tsutsar tana shigewa ne tsakanin fata biyu na ganye, inda maganin ba ya taɓa ta, kuma tana hayayyafa da sauri har ta saba da dafin da ake maimaita mata. Mai lambun gida, da tushe ashirin kacal, yana da abin da mai hekta biyar ba shi da shi: zai iya zagaya su duka kowace safiya kafin karin kumallo, ya tsinke ganyen da ya fara taga, ya murtsuke tsutsar da yatsa. Amma sai an nuna masa abin da zai duba.

Akwai kuma ɗaya gefen kwalbar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Su sun auna sun ƙi, mu muka ci gaba da cin namu. Kowace kwalbar kirki tana ɗauke da rubutun kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfani, amma rubutun ƙanana ne kuma da Turanci. Lambun gida kuwa a tsakar gida yake, inda jariri ke rarrafe, kaji ke kiwo, ake shanya tsaki. Salak da ake ci ɗanye, a fesa masa magani da safe a yanka shi da yamma, wannan ba ci gaba ba ne. Ajin da zai koya wa uwa ta fara da toka da ruwan darbejiya da tsintar tsutsa da hannu, ta bar kwalba sai ta kama dole, ta kuma san kwanakin jira, ya biya kuɗin allinsa ko da bai koyar da komai ba bayan haka.

Mu dawo kan shukar rufe ƙasa. A nan Malam yana da rabin gaskiya, kuma zan ba shi abinsa. Yadda ake yin ta a Ingila ko Amurka, a shuka ciyawa bayan girbi ta kwana a fili duk hunturu sannan a kife ta da garma, ba zai yiwu a Kano ko Zinder ba. Mu ruwanmu wata huɗu ne, in ya yi kirki biyar. Daga Oktoba babu abin da zai tsiro ba da ban ruwa ba, abin da ya rage a gona kuma dabbobi na jiransa. An gwada ƙarara a Jamhuriyar Benin don kashe tofa, manoman kudancin ƙasar da yawa sun karɓa, domin suna da damina biyu. Manomin Arewa mai damina ɗaya ba zai ba da ita ga abin da shi ba zai ci ba. Duk malamin da ya tsaya gaban matan unguwa yana nuna musu hoton gonar Turawa, ya cancanci dariyar Malam.

Sai dai kuskuren shi ne ɗaukar cewa dabarar ita kanta baƙuwa ce. Malam ya tuna gonar da ya taso a ciki. Me ke yaɗo a ƙarƙashin gero da dawa? Wake. Kakanninmu suna shuka gero da ruwan farko, su jera dawa, sannan su sa wake a tsakani, tsarin da manoman ƙasar Kano ke kira gicci. Kafin a yi girbin gero a buɗe fili, waken ya riga ya kama ƙasa, sai ya bazu ya rufe ta ruf har ƙarshen damina. A gefen gida kuma kabewa ce ke bin ƙasa tana hawa dangar kara, ga dankali ya shimfiɗa ganye a kan kunya. Ba a banza Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu ba, Nijar na biye mata. Abin da Turawa suka raɗa wa suna suka rubuta a littafi, mu mun daɗe muna yin ɗanwake da ƙosai da shi. Bambancin kawai, namu ya fi wayo: yana rufe ƙasa, ya ciyar da mutum, ya bar wa dabba harawa.

Duk mai shakka ya tuge tushen wake guda yana cikin fure, ya kaɗe ƙasar a hankali. Zai ga wasu ƙananan ƙwallaye manne da saiwar, kamar ƙwayar dawa. Ya fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne kamar nama, to masana'antar taki ce ke aiki. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki, suna ɗauko naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da muke zuwa saye a buhun yuriya, suna ba shukar. Ranar da aka nuna wa matan ajin uwargidana wannan, an haɗa musu da saiwar kuɓewa mai ciwo don su gwada. Ƙwallayen wake a gefe suke, kana murzawa su faɗo. Ƙullin ciwo kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ciruwa. Ɗaya arziki, ɗaya asara, kuma a ido kusan iri ɗaya. Ina mutum zai san wannan in ba a nuna masa ba?

Batun gona fes kuma, ai mun riga mun ga ƙarshensa. Ƙasar da aka bari tsirara a watan Afrilu zafinta yana wuce digiri 50, iska ta kwashe lallausan samanta, ruwan farko ya daka ta ta yi ɓawo kamar daɓe, na biyu ya gangare bai shiga ba. Ko ƙwari sun fi ganin shukar da ke tsaye ita kaɗai a kan farar ƙasa. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta murƙushe gyaɗa kusan hekta dubu 700 a Arewacin Najeriya, tana cikin abubuwan da suka ƙarasa dalar gyaɗar Kano, kuma daga cikin shawarwarin da masana suka daɗe suna bayarwa a kanta akwai shuka da wuri da matse tazara, don gyaɗar ta rufe ƙasa kafin darɓa ta sauka. A ƙasar Maradi ma an daɗe ana ɗaukar sassabe ƙal a matsayin alamar ƙwazo, har fili ya koma fako. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara barin tohon kututture ya tashi a cikin gona suna yi masa aski, abin da ake kira sassabin zamani. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya dawo gonakin da aka kore shi. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, kuma abin da suka gano shi ne ƙasa ma tana son sutura.

A lambun gida abin ya fi sauƙi. Tumatir da salak da karas 'yan sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Maris suke jin daɗi. Da damina fangalin nan yawanci barinsa ake yi ya zama juji ko ya cika da ciyawa. To me zai hana a watsa masa wake mai yaɗo da ruwan Yuli? A ci ɗanyensa, a ci ganyensa, in ya gama a yanke shi daga gindi a bar saiwar a ƙasa ta ruɓe. Harawar kuma ko a shimfiɗa ta a wurin, ko a ba akuya a dawo da kashinta. Da rani, tsakanin tushe da tushe, a zuba ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, a ɗan ja shi baya daga jikin karan saboda gara. Wanda ke sayen ruwa wajen ɗan garuwa zai ga bambancin a aljihunsa tun makon farko.

Ba na cewa wake zai kori takin zamani, kada Malam ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. In aka kwashe harawa kaf aka kai kasuwa, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ƙasarmu kuma tana da ƙarancin sinadarin da ke cikin takin supa, wanda shi kansa waken yake buƙata kafin ya yi aikinsa. Har ila yau, fangalin da ƙullin saiwa ya kama, wake ba zai wanke shi ba, domin tsutsar tana cin wasu irin waken ma, gara a sa dawa ko gyaɗa a wannan shekarar. Kamfa da yuriya suna da wurinsu. Masu bincike a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo na taki, in aka sa shi a ramin shuka, yana ɗaga amfanin gero sosai ba sai an watsa buhu ba. Duk waɗannan ƙananan sani ne, amma su ne tsakanin mai girbi da mai asara, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka rubuta a jikin buhu.

Saura dutsen farko, wai noma gadonmu ne. Gadon wa? Malam da ni mun riƙe fartanya kafin mu riƙe alƙalami. Yaron da aka haifa a gidan haya a Kurna ko Dorayi ko Rigasa, wanda ubansa ɗan kasuwa ne, kakansa ma a birni ya tsufa, bai taɓa ganin furen kuɓewa ba. Ilimin noma ba a jini yake tafiya ba, a bayan uba ake tsintarsa cikin kunya, kuma wannan zaren ya tsinke wa miliyoyi. Mata kuwa, waɗanda su ne ke gida kusa da lambun, da ma ba su aka fi kaiwa gona ba a yawancin garuruwanmu. Ana binciken noma a Samaru tun 1922, amma malamin gona guda nawa ne ya taɓa yin sallama a ƙofar gidan matar aure a cikin birni? Aji shi ne kunyar da ta rage wa irin waɗannan.

Gaskiya ne buhu goma ba zai ciyar da Najeriya ba, kuma ban ji wanda ya ce zai yi ba. Hatsin ƙasa yana wuyan manyan gonaki da madatsun ruwa irin Tiga da tsaro a karkara. Amma matar da ke riƙe da kuɗin cefane ba ƙasa take ciyarwa ba, mutum takwas take ciyarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin injin ban ruwa da na motar da ke ɗauko kwando duk a kan kashin tumatirinta suke sauka. In tana da zogale biyu a jikin katanga, da yakuwa, da alayyafon da ake yanka yana tohowa, da attaruhu tushe biyar, to akwai ranakun da kuɗin kayan miya zai koma na sabulu ko na makaranta. Ta kuma san ruwan da ganyenta ya sha, abin da mai saye a bakin titi ba zai iya rantsuwa a kai ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san abin da ke cin Malam a rai, domin ni ma na gani. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi lambu a bayan gida da makaranta, aka yi ta shela a rediyo, daga baya abin ya bi ruwa. Tun daga nan mun sha ganin taron kwana ɗaya a otal, a raba riga da hula da ƙunshin irin da ba ya jure zafinmu, a ɗauki hoto a watse. In wannan Malam yake suka, hannuna yana cikin nasa. Amma maganin mugun aji shi ne aji mai kyau. A yi shi da Hausa, a bakin fangali, hannu cikin ƙasa. A ja shi tsawon shekara, daga renon iri zuwa ajiye na baɗi, don ɗalibi ya ga sanyi da bazara da damina. A ce kowa ya zo da ganyen da ya ba shi tsoro a cikin leda. A gayyato tsofaffin manoman Kura da Kadawa da na bakin fadama su zauna gefen mai takarda, kowa ya gyara wa ɗan'uwansa. Irin da za a bayar kuma ya zama namu: rama, lalo, gauta, kuɓewa, wake.

Ina gayyatar Malam gidana a watan Satumba, in Allah ya kai mu. Fangalin da na taɓa ɓata wa kuɗi da feshi zai same shi shaƙe da wake, ba a ganin ƙasa ko tafin hannu. Zan bar masa ya zaɓi tushen da ya ga dama ya tuge da hannunsa, ya fasa ƙwallon saiwar da farcensa, ya ga jan da ke ciki. Sannan ya tura yatsa ƙarƙashin ganyen ya ji sanyin ƙasar, ya taka zuwa tsakar gida inda ake shara kullum ya taɓa can ma. Uwargida ta ce za ta yi masa faten wake da alayyafon bayan ɗaki, amma da sharaɗi: Asabar mai zuwa ya raka ta aji.